Bajamushen da Ya Zo Neman Asalin Sunanmu

"Sake faɗa," in ji Umma. "Kuma ki daina kallon rufin ɗaki in kina magana. Duk mai kallon sama an san ƙarya yake."

Na sake faɗa da Turanci, karo na wajen shida. Kakana kuku ne a gidan wani Bature mai sayen fata a Kano. Baturen ne ya kai Babana makaranta, hedimasta ya rubuta sunan wanda ya kawo yaro, shi ke nan suna ya bi mu. Umma ba ta jin Turanci, amma tana jin inda murya ta yi rawa. Tana bakin gado da faranti tana tsince shinkafa, ta sa wa ƙofa sakata da rana tsaka, abin da ba mu taɓa yi ba, don ɗakinmu na Kurmin Sarki a Suleja in ka rufe shi ƙarfe biyu na rana gasuwa za ka yi. Baba yana zaune a tabarma yana fitar da baƙin mai daga farcensa da tsinken ashana.

Ranar Asabar ce. Ina aji shida na firamare, shekarata sha ɗaya. Washegari Lahadi wani Bajamushe zai zo gidanmu, sabon ogan su Baba a garejin kamfani, saboda sunan da ke ƙarshen sunana a rajistar makaranta shi ne a ƙarshen nasa.

Ba zan rubuta sunan a nan ba, kar ma ku tambaya. Ku dai sani sunan Jamus ne cikakke, ba wai kama da shi ba. Mu kuwa 'yan Zariya ne, Baba baƙi ne wuluk, Umma ma haka, ni na fi su. Duk malamin da ya zo kan sunana a rajista sai ya tsaya, ya ɗago kai yana neman wata mai dogon gashi, sai ya ga ni. Hajiya mai gidan da muke haya, 'yar asalin gari ce tun kaka da kakanni, ta taɓa tsayar da ni a bakin rijiya ta ce, "Ke zo nan. Babanki a Musulunci aka haife shi?" Na ce e. Ta ce, "To," irin "to" ɗin nan da ke nufin ban yarda ba. Tun daga ranar na lura in Baba yana alwala tana leƙe ta gefen ido, tana jira ya yi kuskure.

Ni kaina ban yarda da labarin kukun nan ba. Na taɓa ji Baba ya gaya wa Hajiya, amma a lokacin a Jos abin ya faru kuma Baturen mai haƙar kuza ne. Na ji ya gaya wa malamin Islamiyyarmu, a nan kuma Baturen likitan shanu ne. Yanzu ga shi an koma Kano, an koma fata.

Na ce, "Umma, wai gaskiya ne?"

Ta ce, "Gaskiyar gobe ce. Sake faɗa."

Na ce ba zan sake ba sai an gaya mini. Wallahi ban san inda na samu ƙarfin halin ba. Umma ta ajiye faranti tana neman silifa, sai Baba ya ce, "Ƙyale ta. Ita za ta ɗauki kayan, gara ta san nauyinsa." Ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya fito da wata takarda a cikin leda. Mamana yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Mamana, karanta."

Satifiket ne na gwajin sana'a, na makanikan manyan injuna. Ga sunan, ga hoton Baba yana saurayi. Ya ce in duba kusurwar hoton da kyau. Hatimin da ke kan takardar shuɗi ne mai haske. Ɗan guntun da ya hau kan hoton shuɗi ne mai duhu, kuma da biro aka ƙarasa shi.

Ga abin da ya gaya mini. Yana yaro aka kai shi Kaduna koyon kanikanci wurin wani mutumin Togo, Kirista, fari tas, wanda ya ce kakansa Bajamushe ne. Shekara takwas Baba yana gindinsa. Shi ya koya masa komai, har karatun boko kaɗan da ya iya, a bayan kwalin batir. Da gwamnati ta ce baƙi su fita daga ƙasa, mutumin ya sayar da kayan aikinsa, ya kira Baba ya miƙa masa takardar. Ya ce, "Ni a gida ba ta da amfani. Kai kana da hannu, ba ka da takarda. Ana gina sabon birni, je ka." Baba ya cire hoto da reza ya manna nasa. Sunan farko na Kirista ne, don haka ya je kotu ya yi rantsuwa cewa ya musulunta ya canza suna. Sunan farko yana canzuwa da wannan dalilin, ba wanda zai tambaye ka. Na ƙarshe ne ba ya taɓuwa, in ka taɓa shi takarda ta mutu.

"Ni da aka yi mini huɗuba a kunne a Zariya," in ji Baba, "na tsaya gaban alƙali na ce jiya na shigo addini."

Da wannan takarda ya samu aiki a kamfanin gine-gine. Da wannan suna aka yi masa katin aiki, aka yi katin asibitin kamfani, aka rubuta ni da ƙanena a makaranta, don in sunan yaro bai dace da na katin uba ba asibitin kamfani ba sa duba shi. Kullum da asuba yana tsayawa bakin titi tare da ɗaruruwan mutane, doguwar motar kamfani mai benci ta kwashe su zuwa Abuja. In kamfani ya gano takardar ba tasa ba ce, korarsa za a yi a ranar, in an yi rashin sa'a a haɗa da 'yan sanda. Ba wani abu muke da shi ba bayan aikin nan.

Umma ta riga ta yanke hukunci. "Babu Baturen da zai ɓata Lahadinsa ya zo Suleja don zumunci. Bincike ne. Ana son rage mutane, an rasa ta inda za a kama ka, shi ne aka turo wannan da dariya a baki."

Baba ya ce, "Mutumin da ya riƙe hannuna biyu yana murna kamar ya ga ƙanensa?"

"Kai ai kowa ya yi maka murmushi ɗan'uwanka ne. Me ya sa bai tambaye ka a ofis ba? Me ya sa sai gida? So yake ya ga inda kake ajiye takardu."

Dabarar in yi tafinta ma tata ce. Baba yana jin Turancin wurin aiki, yana yin burokin daidai gwargwado. Amma bai iya ƙarya ba, in ya fara sai in'ina ta kama shi. Don haka aka shirya zai ce Turancinsa na sifana da baƙin mai ne kawai, dogon labari sai 'yarsa. Shi ya yi ta magana da Hausa, ko me ya ga dama, ni in faɗi abin da aka koya mini.

Bajamushen ya iso bayan azahar, shi kaɗai, yana tuƙa farar fikof da kansa. Tsoho ne, dogo, da gajeren wando, gwiwoyinsa jajaye. Yaran layinmu duka suka biyo shi har zaure. Yana riƙe da gwangwanin biskit a hannu ɗaya, wani dogon bututun kwali a ɗaya hannun. Da ya zo ƙofar ɗakinmu sai ya sunkuya ya kwance takalmi ba wanda ya ce masa. Umma tana bayan labule, na ji ta ce ƙasa-ƙasa, "Kin gani ko? Wannan ya san gari."

Hajiya kuwa ta ɗauko kujera 'yar tsugunne ta dasa a tsakar gida daidai tagarmu, wai tana gyaran alayyafo.

Ya ci shinkafa dafa-duka ya cinye, ya yi gumi sharkaf, ya sha lemo. Ina kallon idonsa in ga ko zai leƙa ƙarƙashin gado. Bai leƙa ba. Amma ya kalli kalandar bango, ya kalli jakar makarantata inda na rubuta sunana da alƙalamin maka, ya karanta a bayyane, ya faɗi sunan yadda ban taɓa jin an faɗe shi ba, ya yi dariya har da buga cinya. Sai ya buɗe bututun ya zaro takarda. Da ya shimfiɗa ta sai da ta rufe tabarma duka, muka danne kusurwa da kwalaben lemo da takalmin ƙanena.

Sunaye ne, ƙanana-ƙanana, da layuka suna haɗa su. Duk sunanmu ne. A rayuwata ban taɓa ganin sunan nan a rubuce ba sai a kanmu mu uku, ni da Baba da ƙanena. Yau ga shi ya cika tabarma.

Ya yi bayani a hankali, ina juya wa Baba. Ya ce sunan wani ɗan ƙauye ne a cikin tsaunuka a kudancin ƙasarsu, gidaje ƙalilan, yanzu ma babu shi, gonaki sun cinye. Mutanen ƙauyen ba su da wannan suna muddin suna ciki. Sai wanda ya fita ya je wani gari neman aiki ake kiransa da sunan inda ya fito, har ya zama na 'ya'yansa.

Baba ya ce, "A'a! Ce masa mu ma haka muke yi." Na gaya masa a ajinmu akwai yara da yawa da sunan garinsu ne ƙarshen sunansu. Ya ji daɗi, ya rubuta a ɗan littafinsa. Umma ta yi tari a bayan labule. Duk abin da ya rubuta a littafin nan sai ta yi tari.

Ya ce yawancin masu sunan har yanzu suna kusa da inda ƙauyen yake, ba su yi nisa ba. Yunwa da yaƙi sun kori wasu zuwa Amurka, can suka yi yawa, wasu suka gutsure sunan don ya yi sauƙi. Akwai kaɗan a Barazil. Ya ce ba su da yawa a duniya, shi ya sa ya tabbata duk mai sunan nan daga wannan ƙauye ɗaya ya fito. Ya fi shekara ashirin yana rubuta wasiƙu, duk inda ya ji labarin mai sunan sai ya aika. Wasu su amsa, wasu su ɗauka ɗan damfara ne. Matarsa ta ce ya fi son matattun danginsa a kan rayayyu. Sai ga shi ya zo sabon wurin aiki, ya buɗe jerin ma'aikata, ya ga sunansa.

"To ku," ya ce, ya ɗauki fensir, "ta ina?"

Baba ya dubi ƙasa ya fara magana da Hausa. Wallahi ban manta ba, lissafo kayan injin gireda yake yi ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma na kalli mutumin cikin ido, na ba shi kuku, na ba shi fata, na ba shi Kano da hedimasta. Muryata ba ta yi rawa ba.

Ya saurara. Ya tambayi sunan farko na Baturen mai fata. Na ce ba mu sani ba, kowa Oga yake ce masa. Wace shekara? Ba mu sani ba. Ya bi takardarsa da yatsa, ya ce bai da kowa a Kano, amma wannan ba komai ba ne, akwai rassan da suka ɓace masa. Na ji daɗi a raina, na ce mun haye.

Sai ya ce, "A Afirka reshe ɗaya kawai na sani." Ya kai yatsa can ƙasan takardar ta hagu. "Togo."

Ban juya wannan ba. Ba sai an juya ba.

Ya ce zamanin da ƙasarsu ke mulkin can, wani ɗan kasuwa mai sunan ya haihu da wata 'yar ƙasa, ya koma gida ya bar ɗan. Zuriyar suna nan a bakin teku, akwai malaman makaranta, akwai tela. Ɗaya daga cikinsu makanike ne, har ya taɓa zama a Nijeriya shekaru da yawa. Ya rasu damina biyu da suka wuce, ɗansa ne ya amsa wasiƙa ya aiko da hoto. Ya buɗe littafin ya zaro hoton, ya miƙa wa Baba. Ba ni ya miƙa wa ba. Baba.

Wani tsoho ne fari a kan kujerar roba, da hular sanyi, hannuwansa manya a kan gwiwa.

Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba sai ranar. Ba sauti, ruwa ne kawai yake bin gemunsa yana ɗiga a kan takardar mutane. Ya riƙe hoton da hannu biyu. Bai san ya rasu ba. Shekara goma sha wani abu yana cewa in ya samu hutu mai tsawo zai je ya gaishe shi.

Sai ya yi magana, da Hausa, a sarari, ba in'ina ko ɗaya.

"Mamana, gaya masa. Wannan maigidana ne. Shi ya koya mini aiki. Sunansa ne, takardarsa ce, shi ya ba ni da hannunsa a Kaduna, na cire hotonsa na sa nawa. Ni ba ni da kowa a Jamus. Gaya masa haka."

A bayan labule cokali ya faɗi a kan siminti. A tsakar gida na daina jin motsin alayyafon Hajiya. Bajamushen yana kallona, fensir a hannu, yana jira.

Ba zan ce na yi dogon tunani ba. Abin da na gani kawai shi ne motar kamfani ta tsaya da asuba ta kwashi kowa ta bar Baba a bakin titi. Na buɗe baki na ce da Turanci, "Ya ce bai san mutumin nan ba. Yana kuka ne don ya yi kama da yayansa da ya rasu."

Baba ya ji. Ina gaya muku yana jin Turanci. Ya ɗago ya kalle ni, ni ma na kalle shi. Yana iya gyarawa da burokinsa, kalma biyar ta isa. Bai gyara ba. Ya goge hoton da gefen rigarsa ya mayar.

Bajamushen ya ce, "Ayya, sori." Ya ɗan jima yana kallon Baba. Sai ya tambayi sunayenmu na farko da shekarunmu, ya rubuta mu da fensir a can gefen takardar inda babu kowa, ya naɗe, ya yi godiyar abinci, ya sa takalmi.

Muka raka shi. A tsakar gida Hajiya ta kasa haƙuri, ta ce da Baba da ƙarfi, "To Malam, an ga dangi? Ashe dai da gaske ne." Kafin Baba ya amsa, Bajamushen ya ɗan rusuna ya ce mata, "Sannu da aiki, Hajiya. Ina gajiya?"

Da Hausa.

Hajiya ta saki baki. Muka fito waje, yara sun hau bayan fikof suna tsalle, ɗaya yana taɓa gaban motar. Ya ce, "Kai yaro, bari, akwai zafi. Sauka, sauka." Ya shiga, ya ɗaga mana hannu, ya tafi.

Muna komawa ɗaki Umma ta sake sa sakata. "Na faɗa! Yana ji! Tun farko yana ji, ya zauna yana kallon yarinya tana zuba!"

Baba ya ce, "Hausar wurin aiki ce. Duk Baturen da ya daɗe a Arewa ya iya sannu, ya iya bari, ya iya sauka."

"Ya iya 'ina gajiya' amma bai iya 'takarda' ba? Bai iya 'Kaduna' ba? Kaduna ma sai an fassara masa? Kuma kai, wa ya aike ka? Mun kwana biyu muna shiri, ka ga hoto ka zubar da mu a ƙasa!"

"Mutumin da ya riƙe ni shekara takwas."

"Ya riƙe ka, Allah ya saka masa. Yanzu shi zai ciyar da yaran nan?"

Ni kuwa Baba bai ce mini komai ba, ba faɗa, ba godiya. Na so ya yi mini faɗa. Da la'asar na ga ya fita shi kaɗai, ƙanena ya ce ya gan shi zaune a bakin masallaci bayan kowa ya watse.

Litinin ya tafi aiki, ya kwashe 'yan kayansa na gareji a jaka tun da safe don kar a kore shi yana tattare-tattare a gaban yara. Ba abin da ya faru. Oga ya gaishe shi kamar kullum, ya aike shi duba wata katafila. Talata haka. Sati ya wuce. Kullum da yamma Umma na tsaye a zaure, tana ganin tafiyarsa daga nesa take gane ko an kore shi, sannan ta fara tambaya. Ya kalle ka? Wane irin kallo? Ya shiga ofishin ma'aikata? Ya yi wa wani Hausa a gabanka? Baba ya ce bai ƙara jin ya yi Hausa ba ko sau ɗaya. Umma ta ce to wannan ma shaida ce, ɓoyewa yake.

Hajiya kuma abin mamaki ta daina leƙen alwala. Ta ji komai ta taga, na tabbata. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba, sai dai ta fara aiko mana da tuwo ranar Juma'a, kuma ta koma ce wa Baba "mutumin Zazzau". Umma ta ce a ci tuwon amma a kama baki, wadda ta san sirrinka kuma take ba ka abinci tana ajiye ka ne.

Wajen sati bakwai bayan nan, Baba ya dawo da wuri, rana ba ta faɗi ba. Umma ta gan shi ta zauna a dakalin zaure. Ba kora ba ce. Oga ya zaɓi mutum biyar a gareji, ya ce takardunsu sun tsufa, kamfani zai kai su su sake gwajin sana'a a ba su sababbi. Ya karɓi tsofaffin satifiket ɗinsu, ya ba kowa fom ya je gida ya cike.

Umma ta ce, "Ka ba shi? Ka ba shi takardar da hannunka?"

"In ce masa me? Ta ɓata?"

"Sauran huɗun nan rufa-rufa ne. Kai ake nema."

Aka shimfiɗa fom a kan akwati. Layin farko, suna. Babu komai a wurin, fari fat. Baba ya ce na sauran ma haka yake. Umma ta ce tarko ne ta kowace fuska. In ya rubuta sunan mahaifinsa na Zariya, ya tona kansa da biro. In ya rubuta wancan, ya yi sabuwar ƙarya a gaban wanda ya riga ya sani. Baba ya ce ko kuma mutumin ƙofa ya buɗe masa, ya ce ga dama, koma sunan ubanka, ni zan sa hannu. Umma ta ce to katin aiki fa, asibiti fa, jarrabawar yarinyar nan da aka riga aka yi mata rajista fa?

Ni ina gefe. Baba ya juyo ya ce, "Mamana, ke me kika gani?" Wannan ne karo na farko da ya tambaye ni wani abu tun ranar Lahadin. Na ce ban sani ba. Da gaske ban sani ba.

Ya daɗe riƙe da biro. Sai ya rubuta sunan Jamus ɗin, harafi-harafi, da manyan baƙaƙe, yadda aka koya masa a bayan kwalin batir. Ya ce, "Mai shi ne ya ba ni. An ce ban san shi ba a cikin ɗakina ina zaune. Ba zan kuma jefar da sunansa ba."

Bai kalle ni ba da ya faɗa. Bai buƙaci ya kalla ba.

Ya yi gwajin ya ci. Aka ba shi sabon satifiket, hotonsa, hatimi cikakke, hannun da ya yi aikin nasa ne. Sauran huɗun aka mayar musu da tsofaffin takardunsu tare da sababbin. Baba sabuwar kawai aka ba shi. Ya jira, ba a kawo ba, shi kuma bai isa ya tambaya ba. Da Bajamushen ya gama kwantiragi ya koma ƙasarsu, Baba ya sa wani abokinsa a ofishin ma'aikata ya duba masa fayil. Babu ita a ciki, ko kwafi babu.

Baba ya yi aikinsa a kamfanin har ƙarfinsa ya ƙare, ba wanda ya taɓa tayar da maganar. Shi a wurinsa, mutumin ya aika wa ɗan marigayin takardar ubansa ne a Togo. Umma har gobe cewa take ya tafi da ita ne a matsayin shaida, ko don wata rana, kuma in aka ga baƙuwar lamba ta ƙasar waje ta kira wayata sai ta ce kar in ɗauka. Ni wani lokaci ina ganin ba komai ba ne, tsoho ne mai son tara duk takardar da ke da sunan ƙauyensu, ya gani ya sa a jaka, bai taɓa duba kusurwar hoton ba.

Ku da kuka karanta, don Allah ku gaya mini tsakani da Allah: mutumin nan ya ji abin da Baba ya faɗa ranar, ko bai ji ba?